Hannun Safiyatu

Litinin, 9 ga Oktoba, 2000. Bayan la'asar.

Yau an saka ni a kwamiti. Na daɗe ina aikin jinya har na kai babbar nas a asibitinmu, amma ban taɓa zama a kujerar da ake tuhumar likita ba. Kullum su ke tambayarmu, ina allurar wane, wa ya bar taga a buɗe. Yanzu wai ni Suwaiba ce zan tambayi likita. Dariya ta kusa ƙwace mini a ofishin Dakta Jaji, na danne ta da tari.

Mu huɗu ne. Dakta Jaji, shugaban asibiti, shi ne ciyaman. Malam Ɗanladi sakatare, mutumin da ko ina kwana ka ce masa sai ya duba ko doka ta yarda ya amsa. Malam Sale daga ma'aikatar lafiya, da goronsa a kumatu. Sai ni, don a ce akwai mace.

Wanda ake tuhuma Dakta Misbahu ne, matashin nan ɗan Haɗeja mai surutun tsiya a ɗakin tiyata. Alhaji Ɗanmusa, mai sayar da hatsi a Taura, ya kawo ƙara cewa an yanke hannun jikarsa Safiyatu ba da izinin kowa ba. In ta tabbata korarsa za a yi, a aika sunansa hukumar likitoci, ƙila ya bar aikin ke nan har abada.

Talata, 10 ga Oktoba. Da hantsi.

Bari in ajiye abin da na sani, don ranar da abin ya faru ina Kano wajen biki.

Yarinyar ba ta wuce shekara bakwai ba. Kububuwa ce ta sare ta a yatsa wajen cirar gyaɗa. Suka ɗaure hannun tamau da robar tayar keke, suka shiga maganin gida, ba wanda ya kwance ɗaurin. Ranar Lahadi aka kawo ta nan, hannun ya yi baƙi, jikinta kamar garwashi. Alhaji yana kasuwar Gujungu, uban yarinyar direban tirela ne yana hanyar Fatakwal. Mata ne suka rako ta. Kafin magariba Dakta Misbahu ya cire hannun daga ƙasan gwiwa. Yarinya ta rayu, tana nan a ɗakin yara.

Ba wanda ya dangwala yatsa a takardar izini. Nas ɗin da ke bakin aiki ta ce ta tafi karɓo jini, ta dawo ya ce mata, an yarda, a shirya. Ba ta ga wanda ya yarda ba.

Laraba, 11 ga Oktoba. Bayan azahar.

Zama na farko. Ba likita, ba mai ƙara, mu kaɗai da fanka.

Dakta Jaji ya ce magana ce a fili, babu takarda babu izini, mu rubuta rahoto kowa ya koma aikinsa. Malam Sale ya gyaɗa kai. Ni ma kaina ya fara sauka, don ban san yadda ake yi ba.

Sai Malam Ɗanladi ya ce, "Ranka ya daɗe, an gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi kuwa?"

Ashe ba a gaya masa ba. Cewa kawai aka yi ya zauna a gida. Malam Ɗanladi ya ce sai an sanar da shi, an ba shi lokaci ya shirya, ya zauna ya ji duk mai ba da shaida da kunnensa, ya yi masa tambaya in yana so. Alhaji ma haka. Kuma daga yau kada ɗayanmu ya yi maganar nan da wani a waje.

Shekaru ina yi wa mutumin nan kallon kayan takaici. Yau sai na ga amfanin taurin kansa.

Abin da na kasa ganewa: Dakta Jaji ne ya dakatar da shi, shi ne kuma zai yi alƙalanci. Na so in tambaya, na ga ba wanda abin ya dama, na bar shi.

Juma'a, 13 ga Oktoba. Bayan magariba.

Na wuce ta gidan Dakta Jaji a hanyata ta komawa gida, unguwar Takur, na ga motar Alhaji Ɗanmusa a ƙofa. Ƙila gaisuwa ce. Mutane suna gaisawa.

Yayan su Ummi ya aiko daga Zariya cewa zai zo ƙarshen wata. 'Yata Ummi sai tsalle take. Na ce ta nutsu, mutum ne zai zo ba Sallah ba. Na dai sa a wanke labulen ɗakinsa.

Litinin, 16 ga Oktoba. Bayan la'asar.

Na shiga zaman yau da niyyar jin haushin Alhaji, na fito ban samu ba. Dattijo ne siriri, muryarsa ƙasa ƙasa. Safiyatu a hannunsa ta tashi, amaryata yake ce mata, tare suke cin tuwo.

Ya ce, "Ni ban ce likita ya yi mugunta ba. Na ce a jira ni. Gujungu ba Makka ba ce. Da an jira ni, ko Kano ne da na kai ta. Kuna jin abin da ake ta faɗa a rediyo yanzu, ko'ina maganar haddi. Yarinya mace ta girma ba hannu, wanda bai san ta ba me zai zata?"

Nan ya sa gefen rawani ya goge ido.

Sai aka zo kan Dakta Misbahu. Ya rame. Ya yi bayanin hannun dalla-dalla, ya ce da an kai safiya gawa za a mayar Taura. Dakta Jaji ya ce wannan ba shi ake tambaya ba, izini ake tambaya.

"Na sami izini, ranka ya daɗe."

"Daga wa?"

"Daga wanda ya isa ya bayar."

"Yana da suna?"

"Yana da shi. Ina roƙo a yi mini uzuri."

Aka juya tambayar ta kowace fuska. Malam Ɗanladi har ya ajiye biro ya ce masa, "Likita, wannan damar taka ce fa, don kai muka zauna." Ya ce ya sani, ya gode. Mutumin da in ya fara labari a ɗakin tiyata sai mun roƙe shi ya yi shiru.

Talata, 17 ga Oktoba. Da asuba.

Daga wa?

Laraba, 18 ga Oktoba. Da rana.

An hana ni magana, ba a hana ni zagayen ɗakin yara ba, aikina ne.

Safiyatu tana samun sauƙi. Kakarta, matar Alhaji, ita ce a bakin gado, ita ke ba ta kunu, ita ke lallashi in za a wanke ciwon. Akwai wata matashiya da na ɗauka 'yar rakiya ce. Ba ta zama kusa da gadon. Kullum tana can ƙarshen baranda, ta juya baya, ko tana bakin famfo tana wanki. In yarinyar ta yi kuka ba ta ko waiwayowa.

Amma na lura da wani abu. In aka fara wanke ciwon, wankin nata tsayawa yake, hannuwanta a cikin kumfa ba sa motsi, har sai kukan ya lafa. Kuma da kakar ta manta ko yarinya ta sha maganin safe, daga can baranda aka ce, "An sha," ba tare da an juyo ba.

Na tambayi nas ko wace ce. Ta ce, "Sunanta Zulfa, ai ita ce uwar. Yarinyar 'yar fari ce."

To. Ni da nake da nawa a Zariya, bai kamata in buƙaci a gaya mini ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba. Bayan la'asar.

Malam Ɗanladi ya ce a kira duk matan da suka rako yarinyar. Kakar ba ta cikinsu, daga baya ta iso. Maƙwabciya ta ce tana waje tana amai saboda warin ciwon, ba ta ji komai ba. Sai aka shigo da Zulfa.

Ɗaki cike da maza, surukinta yana zaune a gabanta. Ta ƙi kujera, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ja mayafi har hanci.

Dakta Jaji ya ce, "Ke ce mahaifiyar yarinyar?"

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Likita ya nemi izininki?"

Ta ce da ƙyar, "Ni ba ruwana da ita. Ta su Baba ce."

Alhaji ya gyaɗa kai, har da ɗan murmushi, irin na wanda surukarsa ta fita kunyarsa a gaban baƙi. Dakta Jaji ya ce a rubuta, uwa ta ce ba ta ba da izini ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba haka ta ce ba." Ya ce to me ta ce? Na maimaita. Ya ce duk ɗaya ne. Malam Ɗanladi ya rubuta kalamanta yadda ta faɗe su, Allah Ya yi masa albarka.

Aka ce wa Dakta Misbahu yana da tambaya? Ya kalli ƙasa ya ce babu.

Dukanmu a ɗakin nan mun san uwa ba ta nuna ɗan fari nata ne, ba ta kiran sunansa, balle a gaban suruki. Dakta Jaji ma ya sani, shi ma ɗan fari ne, ya sha ba mu labari. Amma da muka zauna a bayan tebur sai kowa ya ajiye abin da ya sani a ƙofa tare da takalmi.

Asabar, 21 ga Oktoba. Da yamma.

Ina tsintar shinkafa ina lissafi. In ita ce, ba kunyar 'yar fari kaɗai ba ce. Ta yanke magana a kan jikar gidan ba mijinta, ba surukinta. Likitan kuma ya san haka, ya gwammace aikinsa ya tafi. Ko dai ni ce nake ƙulla labari? Ban ji da kunnena ba, ban gani ba.

Malam, maigidana, ya ce kwana biyu ina magana ni kaɗai. Na ce da shinkafa nake.

Litinin, 23 ga Oktoba. Bayan azahar.

An rufe sauraro. Dakta Jaji ya karanto rahoton, shawarar kora ce. Ya sa hannu, Malam Sale ya sa. Malam Ɗanladi ya ce a kan abin da aka faɗa a ɗakin nan ba shi da hujjar ƙi, ya sa. Na ce a ba ni zuwa Alhamis, idona yana ciwo. Ba ƙarya na yi ba, yana ciwo, sai dai ba shi ne dalili ba.

Ina jin haushin Dakta Misbahu. An ba shi duk abin da doka ta ce a ba shi, ya naɗe hannu. Ina kuma jin tausayinsa, matarsa tana da tsohon ciki.

Talata, 24 ga Oktoba. Da hantsi.

Ba ni na neme ta ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce ko don ni kaina.

Ina wanke hannu a famfon bayan ɗakin yara sai na ji mutum a gefena. Ta gaishe ni, ta tambayi gida, ta tambayi aiki, ta sake tambayar gida. Sannan ta ce, "Hajiya, wai da gaske ne za a kori likitan?"

Na ce, "An hana ni maganar nan, 'yata."

Ta kalli fuskata. Fuskata kuwa ba ta taɓa iya riƙe sirri ba, maigidana shaida ne.

Ta daɗe tana murza bakin mayafi. Can ta ce, "In mutum ya yi magana ba a ganinsa, ana rubutawa?"

Na ce zan tambaya.

Laraba, 25 ga Oktoba. Bayan la'asar.

Na gaya wa kwamiti komai, har da cewa ta karanci fuskata. Dakta Jaji ya ce na karya doka, kuma an rufe sauraro. Malam Ɗanladi ya ce ƙwarai na karya, zai rubuta haka, amma rahoton da bai cika sa hannu ba bai rufu ba, kuma shaida in ta ce tana da sauran magana dole a ji ta. Na ce a ji ta a gabana ni kaɗai, mace da mace. Ya ce a'a. Likita sai ya ji, Alhaji ma sai ya ji, don shi ya kawo ƙara, ba za a kayar da shi da maganar da aka yi a bayan idonsa ba.

Na buɗe baki in yi gardama, na ga gaskiyarsa. Abin da na yaba masa saboda likita, shi ne yau ya juyo kan Zulfa.

Malam Sale, wanda tun da aka fara ban ji muryarsa ba, ya tofar da goro a hankici ya ce, "To ai ba ta ce kada a ji ta ba. Cewa ta yi kada a gan ta. Ba ku da labulen nan mai taya?"

Alhamis, 26 ga Oktoba. Bayan magariba.

Ni na turo labulen da kaina daga ɗakin mata, koren nan da muke karewa in za a duba marar lafiya. Tayarsa ɗaya tana ƙara tun daga baranda, duk asibiti ya san ana wani abu.

Da Dakta Misbahu ya ji wadda za a kira, ya miƙe tsaye. "Ranka ya daɗe, ban kira ta ba. Ba na buƙatar shaidarta." Malam Ɗanladi ya ce, "Ba kai ka kira ta ba, likita, ita ta kawo kanta. Zauna."

Ta shiga bayan labule. Ƙafafunta kaɗai muke gani ta ƙasa, da lalle ya fara gogewa.

Ta ce likita ya fito ya tambayi wa ke da yarinya, ba wanda ya amsa. Ya sake tambaya. Ita tana bakin taga ta juya baya. Ya zo ya tsaya nesa da ita, shi ma ya kalli waje, ya faɗi yadda ake ciki kamar da bishiya yake magana. Ya ce in akwai mai magana a kanta, yanzu ne lokaci.

Dakta Jaji ya ce, "Sai kika ce me?"

"Na ce masa, a cire hannun a bar mini ita."

Ya miƙo mata takarda ta dangwala, ta ce ba za ta iya ba, in Baba ya gani fa. Ya mayar da takardar aljihu ya shiga.

Sai Malam Ɗanladi ya yi gyaran murya, na san abin da zai ce, na roƙi Allah kada ya ce. Ya ce, "Ki yi haƙuri. Ranar nan kin ce ba ruwanki da ita, haka na rubuta. Yanzu dole in rubuta wace yarinya kike nufi, kuma mece ce ita a wajenki."

Na ga yatsun ƙafarta sun lanƙwashe a kan siminti. Na kusa cewa a bar ta haka, kowa ya gane.

"Safiyatu," in ji ta. Sunan ya fito mata kamar baƙon abu. "'Yata ce. Ni na haife ta."

Alhaji bai kalli labulen ba. Ya zauna yana kallon tafin hannunsa. Aka ce yana da tambaya? Ya ce, "Ashe ke ce." Ya tashi ya sa takalmi ya fita, bai yi wa kowa sallama ba.

An yaga rahoton farko. Gargaɗi za a ba Dakta Misbahu saboda rashin takarda, ya dawo aiki Litinin. Dakta Jaji ya sa hannu. A baranda likitan ya tsaya a gabana, na zata godiya zai yi. Ya ce, "Hajiya, ni zan koma aiki. Ita gidan za ta koma."

Juma'a, 27 ga Oktoba. Da safe.

An yi wa likita adalci. Na faɗa wa kaina haka ban san sau nawa ba tun jiya.

Asabar, 28 ga Oktoba. Da rana.

Alhaji bai zo ba jiya, bai zo ba yau. Kakar ta daina yi wa Zulfa magana, sai dai ta ajiye mata kayan wanki a ƙasa. Na yi ta neman abin yi a ɗakin yara, har nas ta tambaye ni ko wani abu ya ɓata.

Mun tanadi yadda za a ji likita, mun tanadi yadda za a ji mai ƙara. Wadda ta biya kuɗin gaskiyar da fatarta ba wanda ya tanadar mata komai, kuma ni na turo labulen.

Litinin, 30 ga Oktoba. Bayan la'asar.

Yau aka sallami Safiyatu. Dakta Misbahu ne ya zo wanke ciwon na ƙarshe, ranar dawowarsa ke nan. Ana shirya kaya sai ga Alhaji. Ya gaisa da likita hannu da hannu, gajeriyar gaisuwa.

Yarinya ta ga almakashi ta fara kuka, ta miƙa wa kakanta hannunta ɗaya. Ya ɗauke ta kamar yadda ya saba. Na zata zai zauna da ita a bakin gado. Sai ya wuce gadon, ya fita baranda, ya bi ta har ƙarshe inda Zulfa ke tsaye ta juya baya.

Ya ce, "Karɓi 'yarki ki riƙe wa likita. Ke kika ce a bar miki ita."

Ta durƙusa, ta ƙi ɗagowa. Ya tsaya yana jira da yarinya a hannu, mutane suna kallo, bai damu ba. Can ta goge hannuwanta a zane ta karɓa. Ba ta ma san yadda za ta riƙe ta ba, yarinya ta yi mata tsawo a cinya. Dakta Misbahu ya ɗauki tirensa ya bi su can, ya tsuguna a baranda ya yi aikinsa. Yarinyar ta tusa fuska a wuyan uwarta, kukan bai yi nisa ba.

Ban san yadda za su ƙare a Taura ba. Na dai ga ta shiga mota da yarinyar a cinyarta.

Talata, 31 ga Oktoba. Bayan magariba.

Yayan su Ummi ya iso ɗazu daga Zariya, ya rame, wai karatu. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon tukunya kamar kullum, na ce wa Ummi ta kai wa yayanta ruwa. Bakina ba zai iya kiran sunansa ba, na gwada a zuci, ya ƙi.

Amma biro ba shi da suruki.

Abdurrahim ya dawo lafiya. Ɗana ne.